Ba Kowa a Ƙarƙashin Sojan Siminti

Baban Aisatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, da fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Masu karantawa ku yi haƙuri da rubutuna, da maigidana nake.

Yau na je wurin nan da aka gina don tunawa da sojojin da suka rasu, inda aka kafa mutum-mutumin soja na siminti. Ni da Maman Blessing, maƙwabciyarmu a Rumde, ita ma mijinta bai dawo ba. Saboda Aisatu na je. Ta girma fa, yanzu ba ta da magana sai ina kabarin Babana. Tunda jakarka kawai aka kawo mana ba gawa, na ce mata can gwamnati ta ajiye ku, ƙarƙashin sojan siminti. Wallahi haka na ɗauka. Na yi mata alkawari gobe zan kai ta, shi ne na ce bari in fara ganin hanya.

Har da buta na tafi, in yayyafa ruwa yadda ake yi wa kabari. Na fara zubawa ke nan wani soja ya taso, wai Mama lafiya? Na ce ta ina kawunansu suke, kar in taka? Ya ce Mama, ba kowa a nan, siminti ne kawai.

To Baban Aisatu, furannin da manya ke ajiyewa na waye? Tantabarun da ake saki, ina suke kwana? Kuma fuskar wa aka kwaikwaya? Maman Blessing ta rantse hancin mijinta ne. Na ce riƙe hancin, amma kunnuwan nan tsaye kamar na zomo, naka ne. Sojan ma sai da ya juya baya yana dariya. Ya bar ni na ƙarasa ruwan butar.

Kullum in na tambaye ka ina aka tura ku, sai ka ce nan kusa ne. To ina ne kusan? Akwai inuwa? An fuskantar da kai gabas kuwa?

Allah Ya kai haske inda kake, ko ina ne, kai da abokanka duka. Ni kuma Ya ba ni bakin gaya wa yarinyar nan. Ina ga zan faɗa mata gaskiya yau, gobe mu cika buta mu je in nuna mata kunnuwan, in ta ce…

Ana buga ƙofa. Da ƙarfi, irin bugunka, Aisatu ce ta taso daga islamiyya. Ka taya ni.

Taka, Maman Ai