Mariƙin Sojojin Baba

Litinin, 2 ga Oktoba
Na dawo Viborg, ɗakina na yarinta. Takardar digiri tana cikin durowa, aiki shiru. Baba yana gaya wa maƙwabta wai hutawa nake.

Yau ma soja ya suɓuce masa. Tun ina ƙarama na san dokar masu yi wa 'yan ƙananan sojojin ado fenti: sojan dalma, da zarar an shafa masa fentin farko ba a sake taɓa shi da hannu, maiƙon yatsa yana ɓata aikin. Sai a liƙa shi da ɗanko a kan toshiyar kwalba, a riƙe toshiyar. To yanzu ciwon gaɓɓai ya hana yatsun Baba rufuwa a kan abu siriri haka. Na yi kamar ban gani ba.

Talata, 3 ga Oktoba
Na mayar da robobin cikin takalman sanyi, can ƙarshen kabad. Bai taɓa buɗe kabad ɗina ba. Duk da haka.

Alhamis, 5 ga Oktoba
Na kai Baba ƙungiyarsu ta masu fentin sojoji a ɗakin ƙasa na laburare. Tun rasuwar Mama nan kaɗai yake zuwa. Kofi, kek ɗin kirfa, tsofaffi sun duƙufa kowa da sojansa kamar babban yatsa.

Soja mai tutar da Baba ya yi sati yana yi wa fuska ya faɗa cikin jan fenti. Mogens, abokinsa tun na soja, ya ce, "Troels, ko harbi ba a fara ba ka kashe mana mai tuta?" Aka yi dariya, har da Baba. Bodil, wadda take riƙe makullin ɗakin, ba ta yi ba.

A mota ya ce zai ba Mogens buroshinsa kafin Kirsimeti. "Ba a zuwa wurin fenti a zauna shan kofi kawai, Solvej." Ya faɗe shi kamar labarin ruwan sama.

Asabar, 7 ga Oktoba
Na yanka sandar tsintsiya don in yi wa Baba mariƙi: ta yi siriri. Kwalbar zuma: ta yi faɗi, ga santsi. Na ce ya rufe hannunsa iya inda ba zafi, na auna. Santimita huɗu da rabi.

Na san abin da yake da wannan faɗin. Ban ma auna ba. Kullum da safe yana hannuna.

Lahadi, 8 ga Oktoba
Bari in rubuta shi sau ɗaya dai. Maganin fargaba ne. Na fara sha a shekara ta uku, lokacin da na kasa shiga ɗakin jarrabawa na tsaya a bakin ƙofa. Robobin da suka ƙare ban zubar ba, don kwandon sharar gidan ɗalibai na kowa ne, kuma sunana yana jiki. Haka na kwaso su har nan.

Shi kuwa Baba kowa ya samu sai ya ce, "Solvej ƙarfe ce, ba ta taɓa sa ni tunani ba." Ya faɗa wa Bodil ranar Alhamis ina tsaye.

Laraba, 11 ga Oktoba
Na yi. Ruwan zafi da man girki suka cire takardar jikin robar. Na cika ta da yashi don ta yi nauyi ta zauna daram, na sa ɗanko a kan murfin, na shafe ta da baƙin fenti kaf.

Abin da ban yi tsammani ba: murfin irin wanda yara ba sa iya buɗewa ne, in ba a danna ba sai ya yi ta juyawa kawai. Wato sojan yana juyawa, hannu yana wuri ɗaya. Baba ya gwada, ya juya, ya sake juyawa. Ya yi wa soja gira biyu bai ajiye ba.

"Ina kika samo wannan?"
Na ce a ɗakin gwaje-gwaje na jami'a. Ƙaryar ta fito sumul, abin ya ba ni tsoro.

Alhamis, 12 ga Oktoba
Ina ma ban je ba.

Na farko, fentin. Irin wannan robar ba ta kama fenti, na karanta, na ci jarrabawa a kai. Ɗumin hannun Baba ya ɗaye shi, fari ya fito, tafinsa ya yi baƙi.

Na biyu, ƙarar. A gida ban kula ba. A can kowa ya yi shiru yana aiki, Baba ya juya murfin: ƙas, ƙas, ƙas. Mogens ya ɗago kai.

"Kai, wannan ƙarar ai na san ta ko a barci! Robar kemis ce. Troels, na mene ne, hawan jini ko na fitsari?"

Baba ba ya shan komai sai na gaɓɓai, shi kuma a katin leda yake zuwa. Ya dubi robar. Bai dube ni ba, wannan ne ya fi zafi.

Ya ce wa Mogens, "Maganina ne, sarkin sa-ido. Na jure surutunka ne, likita ya ce kullum biyu."

Dariya. Mogens ya karɓa ya juya, ya ce shekara goma yana zubar da irinta kamar wawa. Bodil ta ce mako mai zuwa kowa ya kawo nasa, ai in robar magani ce wannan ɗakin ya fi kemis. Ni ina wanke kofunan da ba su da datti.

A mota muka wuce tafki. Sai a fitilar hanya Baba ya tambaye ni.
"Tun yaushe?"
"Shekara biyu."
"Yana aiki?"
"Yana yi."
"To."
Can kuma: "Yashin ya ɗan yi yawa. A rage kaɗan."

Juma'a, 13 ga Oktoba
Ban sauko ba sai da na ji ya fita.

Litinin, 16 ga Oktoba
Baba ya tambaya ko akwai wasu robobin, yana kallon tukunya. Na kawo takalman gaba ɗaya na juye a teburin kicin. Ya tsaya yana kallon yawansu. Na jira ya ce me ya sa ban gaya masa ba. Sai ya ce, "Runduna guda ke nan," ya ɗora ruwan zafi.

Shi yana jiƙawa, ni ina kankarewa. Ba mu shafa fenti ba. Wata takardar ta ƙi fita duka, rabin sunana ya rage. Na miƙa hannu in ƙara kankarewa, ya ɗauke ya ce wannan tasa ce, kada Mogens ya sace.

Alhamis, 19 ga Oktoba
Kowa ya zo da nasa a leda. Ana ta gardamar wa ya fi wa ciwo. Bodil ta ajiye tata kusa da ni ta ce in nuna mata yawan yashin. Girmansu ɗaya da tawa, murfi ɗaya. Ban tambaya ba, ba ta faɗa ba.

Mai tuta ya samu sabuwar fuska. Maganar buroshi ba ta sake tasowa ba.

Lahadi, 22 ga Oktoba
Robar maganin da nake sha yanzu tana kicin, gefen gwangwanin kofi. Ba wani dalili, ta fi kusa da famfo ne kawai.

Da safe Baba ya ɗaga ta ya girgiza a kunnensa.
"Kada ki yi gaggawa," ya ce. "Amma akwai soja mai doki yana jiran mariƙi."