Kwanon Shinkafar Dok-chil

Busan,
7 ga watan tara na gargajiya.

Zuwa ga yayata Gum-rye,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Yaya jikin Inna, tarin ya sassauta? Yaya bayanki da ɗagawa da kwantarwa? Ki duba mini barkonon da na shanya a kan rufi, kada raɓa ta taɓa shi.

Mun iso lafiya. Na zaɓi rubutu ne domin wayar gidanmu tana gindin shimfiɗar Inna, kuma kin san kunnenta: ba ya jin a sha magani, amma yana jin raɗa daga bayan gida.

Matan ƙungiyarmu tun da muka bar duwatsu suke rawa a tsakiyar mota, har direba ya gaji da roƙo. Shugabarmu, uwar Yong-pal, ta raba mana jajayen huluna iri ɗaya, ta ɗaga tuta tana gaba muna binta kamar 'yan tsaki. Ta ce, "Duk wadda ta ɓace a garin nan ba mai nemanta, mijinta ya huta."

Na ɗauka birni shimfiɗaɗɗe ne. Ashe gidajensu ma tudu suke hawa, ɗaya bisa ɗaya, kamar gonakin masararmu. Da ƙafa muka yi yawon duka. Mun ratsa kasuwar da ake sayar da komai daga allura har kwat, mun hau hasumiya an nuna mana teku, kowa ta ɗauki hoto tana dafe da hula. Daga nan muka gangara kasuwar kifi, inda ƙarni ya cika ko'ina. Na tsaya ina kallon wata halitta a cikin baho, na tambayi mai ita sunanta. Jin harshena kawai ta yi ta gane 'yar duwatsu ce, ta juya ga maƙwabtanta.

"Ku zo ku gani, yau dankali ya gangaro kasuwa. Yaya, kin taɓa ganin kifin da ba busasshe ba?"

Na ce, "Mu dai dankalinmu ko ya kwana ba ya wari."

Suka yi ta dariya, har ta ba ni ɗanɗano kyauta. Na karɓa don kunya, na haɗiye ban tauna ba.

Amma Yaya, kin san ba kallon kifi ya kawo ni ba. Daga bakin kasuwar ana hango tsibirin Yeongdo, gada ce kawai tsakani. Ina ganinsa dariyar ta ɗauke mini. Can ne ɗan mai niƙa ya ce lokacin da yake soja ya taɓa ganin ƙanenmu Dok-chil, a unguwar da mata ke bugun tsatsar jiragen ruwa. Sama da shekara ashirin ke nan, kuma muddin Baba na raye ba wanda ya isa ya ce zai je nema. Ke ma kina wurin ranar da ƙanen namu ya fita, Baba na cewa hannun da ya ƙi cin abinci da dama ba zai taɓa riƙe garma ba, shi kuma yana rantsuwa ba zai dawo ba sai da san noma na kansa. Tun daga ranar Inna take zuba masa shinkafa a kwanon tagullarsa, ta rufe, ta tura ƙarƙashin bargo inda ƙasan ɗaki ya fi ɗumi, wai muddin kwanon na cike ba zai ji yunwa a inda yake ba. Yanzu da ba ta iya tashi, ke kike zubawa.

Da zan taho ta riƙe mini hannun riga ta ce, "Ki ce masa tsohon ya tafi, ya dawo hakanan ko bai sayi san ba. Ki tambaye shi ko yana samun abinci." Ba ta ce in tambaye shi ko ya yi aure ko ya yi arziki ba.

Gobe za a kai mu wurin ibada a bakin teku. Ni zan haye gada. Ina jin tsoro, ban ɓoye miki ba, kuma ban san wanne na fi tsoro ba, in same shi ko in rasa.

Ki shafa wa Inna ƙafa a madadina.

Ƙanwarki,
Mal-sun

Yeongdo,
8 ga wata.

Yayata Gum-rye,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna. Da fatan ta ɗan ci wani abu yau. Wannan takardar kada ki buɗe ta a gabanta. Ki fita wajen tulunan miya ki karanta.

Da safe na mayar wa uwar Yong-pal hularta. Ta ce, "Ke da ba ki san gabas da yamma a garin nan ba? Mota za ta tafi ta bar ki." Na ce ta tafi, ƙafar da ta hau dutse da kwandon dankali ba kwalta ce za ta kayar da ita ba. Sai ta cusa mini dafaffen ƙwai a aljihu ta ce, "In kin gan shi ki ja masa kunne a madadin garinmu."

Cika baki na yi. Kwalta ta fi dutse cin ƙafa, domin ba ta da tausayi ko kaɗan. Na haye gadar ina riƙe da ƙarfen gefe, ruwa na motsi a ƙarƙashina, ban yarda na dube shi ba. Ban tambayi kowa hanya ba, ƙarar guduma na bi. Na tarar da jirage an jawo su tudu, mata na zaune kan katako a rataye a jikinsu, fuska ɗaure da tawul, suna ta bugu. Yawancinsu aikin ya cinye musu kunne, sai na yi ihu suke ji. Na yi ta kiran sunan Pyo Dok-chil daga wannan jirgi zuwa wancan har muryata ta dishe. Na shiga shagunan igiya, na shiga gidan aski, na tsayar da tsofaffi a hanya. Kowa sai ya girgiza kai. Wata siririyar hanya ma na bi ta, ta zaga da ni ta dawo da ni inda na fara, na zauna a kan dakali na cire takalmi na ci ƙwan nan, ina jin haushin garin da mutanensa.

Nan wata daga cikin masu gudumar ta sauko shan ruwa ta same ni.

"Har yanzu kina nan? Nan fa ba a kiran ɗan jirgi da sunan yanka. Mutumin ina ne?"

Na ce mutumin duwatsun Jeongseon ne.

"To ki ce dankali kike nema. Hau matakalar can har ƙarshe, ki tambayi gidan Iya Bang. Ita ta riƙa saukar da samarin jirgi a da. In ba ta sani ba, ki koma gida."

Matakalar ba ta ƙarewa. Gidan ɗan mitsitsi ne, ƙofarsa shuɗiya, daga tsakar gidan ana ganin teku gaba ɗaya. Na sami tsohuwar a tsugune tana aikin abincin mamata, domin gobe tara ga watan tara, ranar waɗanda ba a san ranar mutuwarsu ba. Ta jera soyayyen kifi da 'ya'yan itace da ganyaye, komai yadda aka saba. Na gaishe ta na roƙi ruwa. Ina sha sai idona ya faɗa kan tukunyar da ke gefenta. Dankali ne take dafawa da ɓawonsa, an tsaga kan kowanne an barbaɗa gishiri, yadda Inna ke yi.

Na ce, "Iya, wa ke sa dafaffen dankali a teburin mamata?"

Ta ce, "Mai teburin ke so. Maƙwabta sun yi dariya sun gaji. Wani yaro ne na sauka a nan, ɗan duwatsu. In na ba shi kifi sai ya ture, ya ce Iya, ba dankali? Ga shi bahago, kullum gwiwar hannunsa na karo da ta na kusa da shi."

Yaya, kwanon ruwan ban san lokacin da ya bar hannuna ba.

Ta ɗago ta ƙare mini kallo, ta ce, "Goshin nan na san shi." Sai ta goge hannu a zane ta zo ta zauna kusa da ni. Ba ta yi gaggawa ba. Ta ce ya zauna wurinta kusan shekara biyu, sannan ya shiga babban jirgin kamun kifi mai zuwa tekun arewa, domin an ce tafiya ɗaya tana sayen san noma. Cikin sanyin shekarar jirgin ya ɓace da kowa da kowa, ba a tsinci ko katako ba. Dangin sauran sun zo sun yi kukansu sun tafi da kayansu. Shi gidanta ya bayar a matsayin gidansu, kuma bai taɓa yarda ya faɗi sunan ƙauyenmu ba, wai sai ranar da zai shiga da sa a gaba. Kamfanin jirgin ya rufe, ba ta san wanda za ta tambaya ba.

Ta ce, "Nawa mijin ma ruwa ne ya ci shi. Da ina zuba kwano ɗaya, sai na ƙara na biyu. Yaron da ya ce mini Iya ba zan bar shi yana yawo da yunwa ba."

Ƙanenmu ya rasu, Yaya. Ya rasu tun gashin Inna bai fara fari ba. Na rubuta ne don in ga kalmar da idona, ko zan yarda.

A nan zan kwana. Kada ki ce wa Inna komai, ni ma ban san abin da za mu ce mata ba.

Taki,
Mal-sun

Yeongdo,
9 ga wata.

Yayata Gum-rye,

Gaisuwa da ban gajiya. Na san takardar jiya za ta same ki ke kaɗai, ba mai riƙe ki, ki yi haƙuri. Yaya Inna ta kwana?

Da hantsi muka yi hidimar. Iya Bang ta buɗe ƙofa, ta kunna turare, ta jera teburi, ta sa dankalin a gaba. Ta miƙo mini cokali ta ce yau jininsa ya zo, ni zan kafa. Tun muna yara Inna ke buge mana hannu in muka soke cokali a tsaye cikin shinkafa, ta ce wa ya mutu? Na kafa shi da hannuna. Tsohuwar ta gyara shi, ta karkata mariƙin yadda hannun hagu zai kama.

Na durƙusa na kai goshi ƙasa sau ɗaya, irin gaisuwar mai rai. Ta biyun, wadda ake ƙara wa mamaci, ita ta gagare ni. Na tsaya a tsaye gwiwata ta ƙi lanƙwasa. Iya Bang ta dafa mini baya ta ce, "Yi, 'yata. Ya daɗe yana jiran ta gida." Na yi. A nan ne kukan ya zo, na faɗa masa saƙon Inna duka, har da cewa tsohon ya tafi.

Da muka zauna cin abincin na ce mata ina tunanin mu ɓoye wa Inna. Kwana nawa ya rage mata? Mu ce ban same shi ba, ta ci gaba da jiranta. Tsohuwar ta ajiye sandunan cin abincinta.

"Ke kin haifa?"

Na ce uku.

"To in naki ne, kin fi so ki mutu kina sauraren ƙofa? Uwar da ta yi shekara ashirin tana zuba shinkafa ba ta ci ba, kina tsammani ba ta sani ba? Jira take wani ya faɗa, ta samu ta yi kukanta."

Na ji haushin maganar, domin gaskiya ce. Na tuna saƙon Inna. Ba ta ce in tambaye shi yaushe zai zo ba, abinci kawai ta tambaya.

Iya Bang ta sanar da Dok-chil a gaban teburi cewa daga bana a gida zai riƙa ci. Ta wanke kwanonsa ta cika shi da ɗanyar shinkafa, ta ɗaure a ƙyalle, wai a cikinsa kurwarsa za ta bi ni gida. Ta ce kada in ajiye shi a ƙasa, kada in shiga gidan kowa da shi, kuma duk inda za mu haye ruwa in faɗa masa, kada ya tsaya a baya. Tana ɗaurewa tana mita, wai ta huta da sayen dankali. Zan ƙara kwana biyu a wurinta. Ba zan ɗauke mata yaro in bar ta da ɗaki shiru rana ɗaya ba, kuma ina so takardar nan ta riga ni isa.

Da yamma na sauka na bi unguwar a hankali, ba don neman kowa ba. Na ga famfon da ta ce yake wanki, da shagon da yake aski, da bakin ruwan da jirginsu ya tashi. Garin da na tsana jiya, yau ina duba kowane lungu ina cewa nan ma ya taka. Ranar tafiya da ƙafa zan haye gadar, ina rungume da shi, kuma wannan karon zan dubi ruwan.

Ga abin da nake roƙonki. Ranar da zan iso ki share tsakar gida, ki bar ƙofa a buɗe, ki dafa dankali. Ki zuba shinkafarsa a kwanon tagulla kamar kullum, amma kada ki tura ta ƙarƙashin bargo. Ki ɗora a teburi inda Inna za ta gani daga shimfiɗarta, ki ajiye cokali a gefe. Ni zan faɗa mata da bakina, ba zan bar miki wannan nauyin ba.

In ta matsa miki da tambaya kafin in zo, kada ki yi mata ƙarya. Ki ce Mal-sun ta same shi, tana tafe da shi. Ki ce na yi tambayar da ta aike ni, kuma yana samun abinci.

Sai na iso.

Ƙanwarki,
Mal-sun