Hannun hagu

Litinin, 3 ga Maris

Na sa hannu, na shiga binciken ciwon fata na asibiti. Nas ta ba ni man shafawa robobi biyu, kamanninsu ɗaya: wannan na hannun dama, wancan na hagu. Guda ne mai magani, ɗayan mai ne kawai, kuma ita kanta ba ta san wanne ba ne. Na ce to, an mai da ni gonar gwaji. Ni dai ƙaiƙayin nan ya bar ni in yi ɗinkina, iliminsu bai dame ni ba.

Laraba, 19 ga Maris

Hannun dama ya lafa! Har na taɓa fatar na ji kamar ta aro. Hagu kuwa sai abin da ya ƙaru, yau har jini a yadin mutane.

Juma'a, 21 ga Maris

Yaya ta zo, ta ga hannuwan, ta riƙe haɓa. “Ke dai baƙar wahala gare ki. Ga magani a hannunki! Shafa a duka biyun, wa zai sani?” Na ce Nas ta hana, wai in an cakuɗa ba za a gane mai aikin ba, aikin kowa ya lalace. Ta ce, “Nas ɗin ce ke susar?”

Gaskiya Yaya ta fi Nas hujja.

Lahadi, 23 ga Maris

Na matso na dama a yatsa, na kai shi dab da hagu. Sai ga ɗiyata Auta ta shigo tana susar gwiwar hannu. Na ja ta gaban taga. Ja ne, da ɓawo-ɓawo, yadda nawa ya fara. Ba a yarda a shafa wa yara ba tukuna, sai an tabbatar da shi a jikin irinmu. Na goge yatsan da ƙyalle.

Haushi nake ji, ban ma san na wa ba.

Talata, 1 ga Afrilu

Hagu ya hana ni taka keken ɗinki yau.

Litinin, 14 ga Afrilu

Ranar awon fata a asibiti. A benci wani direba da muke cikin binciken tare ya raɗa mini cewa shi daga gobe zai shafa mai kyan a ko'ina. Ban san sanda na ɗaga murya ba. Na ce, “Malam, kada ka kuskura! Ka ɗauka fatarka kaɗai ce a ciki?” Na naɗe hannun riga na nuna masa hagu, duk muninsa.

Da na dawo Auta ta tambaye ni ko nata zai warke. Na ce ana kan aikin, muna kan aikin.