Kaskar Ramin Gafiya

Zariya, 6 ga Janairu

Baffa Inuwa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, ya aiki, ya Fatakwal? Tunda ba ka ɗaga wayar gida, na ba direban motar tumatir wannan takarda.

Baffa, ka ji wani abu. A makarantarmu ta likitan dabbobi muna duba jinin ɓerayen daji, yau na ga wata ƙwayar cuta a jinin gafiya, a madubin likita sai ka rantse ta maleriya ce. Malaminmu ya ce kaska ke yaɗa ta, takan shiga mutum, kuma maganin maleriya bai cika jin ta ba. Nan take na tuna marigayi Sada mai farautar gafiya, da aka ce maganin jabu ka ba shi a kemis ɗinka. Ga wansa Yahuza, wanda ya sa aka rufe maka shago, yana kwance a garinmu Furana da irin zazzaɓin, mako biyu ba sauƙi.

Kaskar ce na rasa. Na roƙi mafarautan ƙauyen Saulawa gafiya, suka kawo min shida an babbake, an wanke tas, wai kada 'yar boko ta ji ƙyama.

Ka huta lafiya.
'Yarka, Khairiyya

Fatakwal, 13 ga Janairu

Khairiyya 'yata,

Wa alaikumus salam. Ina gaida babanki da mutanen gida, waɗanda suka tuna da ni.

Shekara takwas ina gadin sito a garin da ruwa ba ya ɗaukewa, ban yi dariya irin ta gafiyarki ba. Mutanenmu kenan, su ƙona maka abin da kake nema don ladabi. Na karanta takardarki sau huɗu a tsaye.

Ki saurara. Kaska ba ta zama a jikin da ya huce. A kama gafiya da rai, a jefa cikin farin buhu, a ɗaure baki. A ɗebo har da ƙasar ramin. Cikin mafarautan ki nemi Gambo, shi ya fi su haƙuri.

Yahuza kuwa, ba na son sa, ba zan ɓoye miki ba. Amma ku kai shi babban asibiti a Zariya gobe-goben nan. Ki faɗa wa likita cewa mutumin nan hannu yake zurawa a ramin gafiya har kafaɗa. Kada ki ambaci sunana, sai ya ƙi tafiya.

Kuma kada zumuɗi ya sa ki ce an wanke ni. Ba wanda ya duba jinin Sada. Maganina ba jabu ba ne, Allah shaida, amma kwana tara na riƙe shi ina canza masa allura, girman kai ya hana ni cewa ban gane ba. Wannan laifina ne.

Allah ya yi miki albarka.
Baffanki

Zariya, 25 ga Janairu

Baffa,

Gaisuwa da fatan alheri. Buhun Gambo ya yi aiki, kaska cike da kwalba!

Ka yafe min, na saɓa maka. Yahuza ya ƙi asibiti, ya ce sammu ne, na yi magiya har na gaji. Sai na karanta masa takardarka duka, har inda ka ce ba ka son sa. Da na gama ya ce, "Inuwa ne ya rubuta kwana taran nan da hannunsa? To, a kira mota."

Likitoci sun sake duba jininsa, sun canza magani. Jiya ya cinye tuwo malmala biyu yana faɗa wai miya ba gishiri. Ya ce in tambaye ka: in ya kira, za ka ɗauka?

'Yarka, Khairiyya

Fatakwal, 1 ga Fabrairu

'Yata,

Alhamdu lillahi. Ke kuma za mu haɗu.

Ki ce masa kada ya kira. Ya ƙara ƙarfi, ina tafe ranar Laraba, shi zai raka ni wajen mahaifiyarsu. Har yau ban yi mata ta'aziyyar Sada ba.

Baffanki, Inuwa