Yau Ni Ce Rediyon Kaka

Talata da dare, Tambuwal

Kaka ya tafi suna Jabo, shirin da ake karanta wa makafi littafi a rediyo ya wuce shi. Dama ya ce in saurara masa. Bayan la'asar sai ga shi da abokansa, makafi irinsa, wai in ba su labarin! Ni da ko a aji ban iya ɗaga murya. Na fara ƙasa-ƙasa. Kaka ya lalubo kunnena ya murɗa a hankali, ya ce, "Amarya, rediyon ga bai da ƙara." Dariya ta ƙwace mini, tsoron ya tafi. Na zuba labari har ƙarshe, har da kwaikwayon muryar ɓarawon akuya. Da za su tashi ɗayansu ya ce, "Gobe yaushe za a buɗe tasha?"