Shekara Biyar Ina Kallon Tsagar

Tudun Wada, Zariya, 16 ga Satumba, 2024

Malam Isiyaku, ka taimaka mini da shawara. Abin nan ya shekara biyar yana cina, kuma waɗanda suka isa in gaya wa duk suna maƙabarta.

Shekaruna saba'in da huɗu. Na yi karatun gini lokacin da karatu yake karatu, na shekara talatin ina duba gine-ginen gwamnati kafin a sallame ni da takardar yabo da agogon bango. A watan Afrilun 2019 babban ɗana Kailani, wanda muke gida ɗaya da shi, ya tashi gyaran gidan. Ya sayo allunan nan na siminti da ake zagaye bakin rufi da su a maimakon katako, ya kawo wani magini wai shi Nagoda. Ina zaune a ƙofar gida sai na ga Nagoda yana cike tsakanin allo da allo da kwaɓaɓɓen siminti, kamar mai toshe ramin ɓera. Na tashi na ce ba haka ake yi ba. Allon yana motsi, rana ta buɗa shi, sanyi ya tsuke shi, shi kuwa siminti ba ya bin sa, damina ɗaya zai tsage. Ban rufe baki ba Kailani ya ce wa ma'aikata su yi haƙuri da ni, wai ilimina na zamanin jinka ne, in koma in zauna kada jiri ya kwashe ni. Har mai ɗebo ruwa sai da ya dara.

Na koma na zauna. Ban ƙara cewa uffan ba.

Daminar farko siminti ya tsage. Kullum in na dawo daga masallaci sai in ɗaga kai in duba, kuma ba zan ɓoye maka ba, daɗi nake ji. A damina ta uku fenti ya kumbura, na san ruwa yana bi ta bayan allon yana jiƙa katakon rufi. Da na yi magana, aikin yini ɗaya ne. Amma tsagar tana saman falon Kailani ne, inda yake tara abokansa, sai na ce bari silin ya rufto kan kujerun da yake taƙama da su, a gaban baƙinsa, ya san wanda ya yi wa dariya.

Ruwan bai sauka a falonsa ba. Ashe katakon ya ɗan karkata, ruwa ya bi shi ya gangara ɗakin marigayiya matata Ishatu, wanda na kulle tun rasuwarta, ban yarda kowa ya shiga ba. Makon jiya 'yata Fiddausi ta zo daga Hanwa ta ce tana jin wari. Muka buɗe. Silin ya zube a kan gado, akwatunan Ishatu duk fumfuna.

Kailani ya je ya ci mutuncin Nagoda a bainar jama'a, ya dawo ya durƙusa yana tambayata yadda za a gyara. Bai san na gani tun farko ba. Ni so nake in sa a tara ma'aikatan nan, ya ba ni haƙuri a gabansu kafin in buɗe baki. Fiddausi ta ce mugunta ce. Ashe ba haƙƙina ba ne?

Hotunan Ishatu goma sha ɗaya ne a duniya, duk suna cikin akwati guda. Sun manne da juna. Ko a ɗaya ba a gane fuskarta.

Tsohon mai duba gini

AMSA

Baba, Allah ya ji ƙan Hajiya Ishatu, ya kyautata makwancinta.

Kailani ya yi maka laifi, babba kuwa. Ɗan da ya mai da mahaifinsa abin dariya a gaban ma'aikata ya cancanci ya ji kunya, kuma kai ke da gaskiya a kan aikin. Sai dai laifinsa na minti ɗaya ne, wauta ta sa shi. Naka na shekara biyar ne, kana sane, kuma daga salla kake fitowa kana sabunta shi. Nagoda bai sani ba, Kailani bai sani ba. Mutum ɗaya ne a gidan ya san ruwa yana shiga. Ka kuma tuna, da silin ya faɗo inda ka so, mutane ne a kan kujerun.

Kada ka tara kowa. Ka kira Kailani ɗaki ku biyu, ka tuna masa maganarsa, ka gaya masa yadda ta soke ka. Sannan ka faɗa masa cewa ka ga tsagar tun daminar farko. Nan wuyar take, kuma in ka tsallake ta, haƙurin da zai ba ka na sata ne. Zai yi fushi, don mahaifiyarsa ce. Ka jure. Fiddausi ma ta ji daga bakinka, kada ta ji a wajen wani.

Batun gyara ka fi ni sani, amma saboda masu karatu: a jira ruwa ya ɗauke, katako ya bushe, a canja wanda ya ruɓe. A kankare simintin nan kaf. A bar tazara kamar kaurin tsinken ashana biyu tsakanin alluna, a sa guntun kwano a bayan kowace mahaɗa, a cike da abin liƙi mai laushi na bututu, irin wanda yake karɓar fenti. Nagoda za a kira, Kailani ya ba shi haƙuri, kai kuma ka koya wa Nagoda aikin. Akwai gidajen mutane da yawa da ya yi wa irin wannan aikin.

Hotunan kada a ɓamɓare su da ƙarfi. A kai wa mai gyaran hoto ya gwada, a kuma tambayi danginta ko wani yana da na biki. Ba na yi maka alkawarin za a samu.

Ka yi maganar kafin Juma'a. Allah ya ba ka ƙarfin faɗa, ya ba 'ya'yanka ƙarfin ji.

Malam Isiyaku