Lissafinka Ya Kayar da Rumbun Surukina

Zuwa ga Malam mai koyar da Fizis da Lissafi ta bidiyo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ɗalibinka ne daga Ɗantutture ta ƙasar Kurfi, ko da yake ba ka san da zamana ba. Faci nake yi, kuma wata bakwai ke nan ina bin darussanka a waya don in sake zama jarrabawa. Ƙorafi na kawo, raina kuwa a ɓace yake.

Na ɗaya. Ka koya mana cewa da doguwar sanda da abin tokare, mutum ɗaya zai ɗaga abin da ya gagari goma. Da daminar nan dutse guda ya nutse a ƙarƙashin rumbun surukina, rumbun ya karkace, ya ce a kira gayya. Ni da ko ido ba na haɗawa da shi, na aika masa cewa a bar mini, na yi karatun abin.

Na biyu. Ka ce a ɗauka sandar ba ta da nauyi, ba ta lanƙwasawa. Na zagaye kasuwar Dutsin-Ma kaf ina cigiyar irinta, har wani mai katako ya tambaye ni ko lafiyata ƙalau. Dole na haƙura da azara, na tokare ta da turmi.

Na uku. Ranar Asabar da hantsi, a gaban mutanen unguwa, na maƙale a ƙarshen azarar. Rumbun ya tashi, nan na ba ka gaskiya. Sai dai ba ka taɓa faɗin yadda ake tsayar da shi ba. Ya zarce ya kwanta kan danga ya fashe, kajin unguwa suka yi biki da geron.

Matata ta je taya su tsintar geron, mahaifinta ya ce ba za ta dawo ba sai rumbu ya miƙe. Yau kwana tara, kuma ina kewarta ƙwarai.

Don haka ina roƙonka abu biyu. Ka faɗi kasuwar da ake sayar da sandar nan taka. Sannan ka yi bidiyo na musamman, da Hausa, ka shaida wa surukina cewa lissafina daidai ne. Na sake shi sau uku, a takarda rumbun yana nan tsaye, amma na rasa wanda zai yarda ya kai masa takardar.

Allah ya ƙara maka basira, ya haɗa ka da suruki mai haƙuri.

Wassalam.

Ɗalibinka,
Lawal Mai Faci, Ɗantutture